Ranar da Aka Kashe Dokar Saba

"Yallaɓai Sufeto, ni ban ga abin da ya rage a bincika ba," in ji Manaja, yana juya makullin motarsa a yatsa. "Kwamfutarta ce, kalmar sirrinta ce, daga gidanta kuma aka shiga. Me ake jira?"

"Ana jiran in gane," in ji Sufeto. "Ni kuwa ba na saurin ganewa. Sake faɗa mini daga farko, kamar kakarka kake yi wa bayani."

Manaja ya ja tsaki a ciki, ya gyara zama. Kamfaninsu magunguna yake rarraba wa asibitoci. Ranar Asabar da safe katan-katan na allurar masu ciwon suga suka ɓace daga ɗakin sanyi. Da aka je duba hoton kyamara, wanda ake ajiyewa a saba, wato babbar na'urar da ke riƙe da duk bayanan kamfanin, sai fayil ɗin safiyar Asabar ya ƙi buɗewa. Da ƙyar aka kwafo shi waje aka kunna, sai ga ruwan sama yana dukan taga. Ranar Asabar kuwa ko ɗigo ba a yi ba. Wani ya cire hoton gaskiya, ya dasa na wata ranar.

"Sabar ta nuna an shiga da sunan Injiniya da azahar ɗin ranar," in ji Manaja. "Ita ke kula da na'urar. Ni da hannuna na ɗauke ta aiki, ka ga sakayya."

"Kyamarar bakin get fa?"

Makullin ya daina juyawa. "Wannan ta ɗan samu matsala. Muna kan gyara."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

Sufeto ya cire tabaransa ya murza ido. Ritaya ta kusa, gwiwarsa ta dama ta riga shi ajiye aiki, kuma ko wayarsa 'yarsa ce ke saita masa. An miƙo masa wannan shari'ar ne a naɗe, tun kafin ya dawo daga hutun jinya: an kama Injiniya, tana tsare a bayan kanta, gobe da safe za a kai ta kotu. Sa hannunsa kawai ake so. Ya san in mace mai irin aikinta ta tsaya gaban alƙali da tuhumar sata, ko an sake ta daga baya, ba wanda zai ƙara damƙa mata mabuɗin komai.

Da ya koma caji ofis ya tarar da mijinta a kan bencin baranda, inda yake wuni tun ranar da aka kawo ta. A kamfani ɗaya suke aiki, shi ke kula da layukan waya da na intanet, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Waya. Dogo ne, ya rame, da kwanon abinci a cinyarsa ya rungume kamar jariri.

"Ranka ya daɗe, ta ci na jiya?"

"Zan tambaya."

Sufeto ya wuce ciki. Tun da matarsa ta rasu ba wanda ya taɓa zaman jiransa a kan benci. Ya ji sha'awar mutumin, har da ɗan kishi.

Saje ya fito da Injiniya zuwa ɗakin tambayoyi. Saje ya taɓa yin wani ɗan kwas na kwamfuta, tun daga nan duk abin da ke da waya a ofis shi ake kira, har tukunyar dafa shayi.

Ƙaramar mace ce, idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"Ina kike ranar Asabar?"

"Asibiti, Yallaɓai. 'Yata ce zazzaɓi ya kama. Tun safe har la'asar."

"Kwamfutarki fa?"

"Tana gida, kan tebur."

"Wa ke gidan?"

"Ba kowa. Maigidana ya ce mini ya fita gyaran mota."

"To aljani ne ya shiga da sunanki?"

"Ban san wa ya shiga ba. Amma ko wane ne, bai taɓa fayil ɗin nan daga gidana ba, don ba zai yiwu ba. Na faɗa wa wanda ya kama ni, ya ce in ajiye Turancina sai a kotu."

"Ni faɗa mini da Hausa."

Ta dube shi, kamar tana auna ko wasa yake. Sannan ta jawo kujerar gaba.

"Ka ɗauka sabar gida ce mai ɗakuna da yawa. A da, duk wanda ya riƙe babban mabuɗi, ko daga ina ya shigo, ba ɗakin da ba zai buɗe ba. Da na zo sai na rubuta mata doka. Kowane fayil yana da tambari, kowane mai shigowa yana da nasa. Na'urar ce ke duba su, ba mutum ba. Wanda ya shigo daga nesa, ta intanet, a falo yake tsayawa. Zai duba lafiyar na'ura, zai ga ko ta cika, shi ke nan. Ɗakin hotunan kyamara a rufe yake gare shi."

"Ko da ke ce?"

"Ko ni ce. Dokar ba ta san fuska ba. Har fushi abokan aiki suka yi da ni, wai na ɗaure su na ɗaure kaina."

"Oga, irin matar da za ta kulle kanta a waje ta jefa mabuɗi ta taga ke nan," in ji Saje.

"Rufe mana baki," in ji Sufeto, ya juya wurin Injiniya. "To ta yaya aka canza hoton?"

"Sai mutum ya je ɗakin sabar da ƙafarsa, ya zauna gabanta, ya kashe dokar. Ka kai ni can, zan nuna maka."

Sufeto ya dubi takardar da ke jiran sa hannunsa, ya kife ta.

Ɗakin sabar yana can ƙarshen wani dogon lungu, bayan sito. Sanyinsa ya soki gwiwar Sufeto tun daga bakin ƙofa. Na'urori ne jere cikin akwatunan ƙarfe, suna gurnani, ƙananan fitilu kore suna ƙyaftawa. Injiniya ta zauna gaban allon, sai kafaɗunta suka sauka, kamar wadda ta dawo ɗakinta.

"Ga shi," ta ce. "Da azahar an shigo da sunana daga gida. An nemi fayil ɗin, an hana. An sake nema, an sake hanawa. Aka haƙura aka fita. Manaja layin farko ya gani ya ruga caji ofis."

Manaja, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya shiga duba wayarsa.

"Bayan nan, kafin la'asar, an kashe dokar daga wannan kujerar da nake kai. Can an jima aka mayar da ita."

"Wa ya isa ya kashe ta?"

"Wanda ya san babbar kalmar sirrin na'urar. Tsohuwa ce, tun ta lokacin da aka kafa ɗakin. Tsofaffin ma'aikata da dama sun santa."

"To me ya hana fayil ɗin buɗewa?"

"Nan ne ɓarawon ya yi kuskure." Har ta ɗan yi murmushi, karo na farko. "Fayil a inda aka haife shi yake samun tambari. In ka haɗa shi a ɗakinka, ka ɗauko ka ajiye a wani ɗakin, da tambarin ɗakinka yake tafiya. Za ka iya canza sunan mai shi, ka gyara kwanan wata, ido ba zai ga komai ba. Amma dokar na dawowa ta gan shi baƙo, ta hana a buɗe. Kowane sashe na ba shi tambarinsa daban. Bari ka gani."

Ta buga wasu haruffa, Saje ya leƙo yana bin yatsunta da ido. Wani dogon layi ya fito a allon.

Ta janye hannunta daga madannai.

Sufeto bai iya karanta layin ba, amma fuska ya yi shekaru yana karantawa. Ya ga murmushin ya mutu a tsaye. Ya ga hannunta na dama ya koma kan zoben da ke hagu ya damƙe.

"Me ya ce?"

"Ba komai." Ta kau da kai daga allon. "Ya lalace. Ba ya karantuwa."

"Yanzu kika ce..."

"Na yi kuskure, Yallaɓai. Ka mayar da ni."

"Kin san gobe kotu?"

"Na sani."

Sufeto ya yi wa Saje alama da ido, Saje ya ɗaga waya ya ɗauki hoton allon. Aka mayar da ita mota. Duk hanya ta jingina kai da gilashi tana kallon titi.

Shi kuwa Sufeto ya koma bakin get. Baba mai gadi yana zaune a ɗan ɗakinsa, rediyo a kunne.

"Baba, ranar Asabar wa ya shigo?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ranar hutu ce."

"Wa ya fita?"

"Wanda bai shigo ba ai ba zai fita ba."

Sufeto ya samu wani bokiti ya kife ya zauna, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. "Baba, ni da kai mun tsufa da wannan. Akwai yarinya a kulle, 'yarta ba lafiya. In na tashi daga nan ba komai a hannuna, gobe gidan yari za ta kwana."

Tsohon ya rage muryar rediyo. Ya sunkuyar da kai.

"Ni baƙo na ɗauka kake tambaya. Na gida ai ba a lissafa su. Da safe Auta direba ya fita da ƙaramar mota, ya ce wanki zai kai ta."

"Wane ne Auta?"

"Ƙanin Mai Waya. Shi ya samo masa aikin."

"Sai kuma wa?"

"Shi yayan ya zo bayan azahar. Ya ce matarsa ce ta aiko shi ɗaukar caja." Ya ɗago da sauri. "Amma mutumin kirki ne, wallahi. Ko gaisuwa ba ya wuce ni. Shi ya sa ban so sunansa ya fito daga bakina ba."

Sufeto ya miƙe da ƙyar. Gajiyar da ya ji ba ta gwiwa ba ce. Ya so a ce Manaja ne, ko wani ɓarawo daga wata ƙasa da ba zai taɓa ganin fuskarsa ba.

A caji ofis, Mai Waya yana nan kan benci. Sufeto ya zauna kusa da shi.

"Ina ganin akwai hanyar wanke matarka. Amma sai ka taimaka."

"Ko me ne ne, ranka ya daɗe."

"Za mu gwada na'urar. Kowane ma'aikaci zai shiga da sunansa ya haɗa ɗan fayil, mu ga yadda take aiki. Ka san ni sai na gani da ido."

Mutumin ya ce to.

A ɗakin sabar aka fara da Manaja, wanda ya gwada kalmar sirrinsa har ta ƙare masa, ya ce sakatariyarsa ce ke riƙe masa.

"Allah ya bar mana sakatariya," in ji Saje.

Mai lissafin kaya ya zauna ya haɗa nasa. Saje ya buga haruffan da ya ga Injiniya ta buga, layi ya fito, ya kara wayarsa kusa da allon. Ya girgiza kai. Ba iri ɗaya ba ne.

Sannan Mai Waya ya zauna. Yatsunsa sun san wurin, ba ya ko kallon madannai. Ya gama ya ja baya. Saje ya buga, ya kara waya, ya bi layin harafi bayan harafi da farcensa. Wannan karon bai yi barkwanci ba.

"Oga, shi ne."

"Ku nawa ne a sashen layuka?" in ji Sufeto.

"Ni kaɗai."

"Wannan hoton tambarin fayil ɗin da aka dasa ne. A ɗakinka aka haife shi."

"Wani zai iya shiga da sunana..."

"Zai iya. Shi ne kuma ya gaya wa mai gadi ya zo ɗaukar caja? Kana wajen gyaran mota ko kana nan?"

Mai Waya ya kau da ido daga allon.

"Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba," in ji Sufeto, a hankali. "Matarka ta ga layin nan ɗazu. Ta karanta, ta gane. Ta dube ni ta ce ya lalace, in mayar da ita sel. Ta zaɓi ta hau motar kotu gobe da ta faɗi sunanka."

Mai Waya ya rufe fuska da tafukansa. Kukan da ya fito daga cikinsa ba shi da ƙara, kafaɗunsa kawai ke tsalle. Sufeto ya bar shi. Ya koyi cewa irin wannan kukan ba a katse shi.

"Auta ne," ya ce daga baya. "Ya zo mini da rana a firgice. Ya riga ya kwashe kayan ya kai wa wasu mutane, sai daga baya ya tuna da kyamara. Ya kama ƙafata. Ya ce in aka kama shi mahaifiyarmu ba za ta kai labari ba, zuciyarta ba lafiya. Ni na raine shi, ranka ya daɗe. A bayana ya girma."

"Sai ka ɗauki kwamfutar matarka."

"Na san kalmarta, ba ta ɓoye mini komai. Na ɗauka tunda ita ta rubuta dokar, ta bar wa kanta ƙofa. Kowa yana barin wa kansa ƙofa. Na nema aka hana ni, na sake aka hana ni. Kamar ita ce tsaye a gabana tana cewa a'a." Ya share hanci da hannun riga. "Sai na zo nan. Mu da muka koyi aiki a da, in abu ya ƙi, dokar muke fara kashewa, mu yi abin da za mu yi, mu mayar. Na haɗa hoton a wurina na kai ɗakin hotunan kyamara. Na canza suna, na gyara kwanan wata. Na duba na ga komai daidai."

"Ba ka san da tambarin ba?"

"Ta sha yi mini bayaninsa a gida, tana murna kamar yarinya. Ni kuwa sai in ce mata sannu da ƙoƙari, in juya in yi barci."

"Wannan duk na ji. Abu ɗaya ne ban gane ba. Kana zaune a kan bencina kana kallo aka rufe ta."

"Kullum da niyyar faɗa nake zuwa. In na iso bakin kanta sai bakina ya mutu. In miƙa abinci in koma in zauna. Ina cewa ai ba su da hujja, za su sake ta."

"Da yanzu na sa hannu."

Mai Waya ya miƙo hannayensa biyu da kansa. Saje ya sa masa ankwa a hankali, ba tare da ya matse ba, sannan ya yi waya a je a ɗauko Auta a garejin kamfani, a bi sawun kayan tun ba su lalace ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka isa caji ofis. An fito da Injiniya, tana tsaye a bakin kanta ana mayar mata da jakarta da wayarta. Aka shigo da shi ta gabanta. Ya tsaya, Saje bai tura shi ba.

"Maman yarinya..." ya fara.

"Da ka faɗa mini," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Da ka zo asibiti ka ce mini Auta ya yi kaza, da mun zauna mun yi kuka tare, mun san yadda za mu yi. Amma ka ɗauki sunana ka shiga da shi."

Saje ya taɓa kafaɗarsa, suka wuce ciki. Ƙofar ƙarfe ta rufe.

Sufeto ya kai ta ofishinsa, ya zuba mata ruwa. Ta riƙe kofin ba ta sha ba. Ya yaga takardar da aka so ya sa wa hannu, ya jefa a kwando.

"'Yata, kin yi mini ƙarya ɗazu."

"Na yi."

"Ban ji ba. Kunnena ma ya kusa ritaya." Ya jingina da kujera. "Saura abu ɗaya. Alƙali zai so wanda zai yi masa bayanin tambarin nan yadda kika yi mini. Ba zan tilasta miki ki tsaya a kan mijinki ba. Zan nemi wani masani daga waje, ko da zai ɗauki lokaci. Ke je ki ga 'yarki."

Ta kalli ruwan da ke cikin kofin. Hawaye ya gangaro, ba ta share ba.

"Ina sonsa, Yallaɓai. Ko yanzu da nake zaune. Shi ya sa na yi maka ƙarya, kuma tun da na yi ta ban iya numfashi ba. Wani daga waje zai zo ya karanta layi, ya nuna shi kamar riƙaƙƙen ɓarawo. Ni na san abin da ya yi, na kuma san abin da bai yi ba. Akwai marasa lafiya da suka je neman allura aka ce babu. Su ma wani yana sonsu."

Ta ajiye kofin a kan tebur, ta miƙe, ta rataya jakarta.

"Kada ka nemi kowa. Rubuta ni a shaidu. Ni zan tsaya gaban alƙali in faɗa masa duka, da bakina."